Nauyin Intanet A Yola Da Jimeta: Ina Laifin Yake, Ɗaka Ko Waje?

Daga Wakilinmu na Arewa, Yola

Tun watan Janairu na 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, kukan da ake ji a Yola da Jimeta ɗaya ne: kuɗin data ya hau, amma saurin intanet yana nan jiya i yau. Wannan magana kuwa ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal ƙwarai, domin a gidaje da yawa su ne suka sayo 'yar na'urar nan da ake kira rauta, su ne kuma ke zuba mata data kowane wata, don su riƙa ganin fuskar iyali, yara kuma su yi karatu. In an kira gida hoto ya daskare, murya ta yi ta yankewa, sai mutum ya fusata ya ce a sake layi, ko ya aiko da sabuwar na'ura. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, galibin gidaje a nan ba a ja musu igiyar intanet har ɗaka ba. Layin waya ake sa wa rauta, ita kuma ta raba wa mutanen gida ta iska, abin da ake kira waifai. Sabo da haka kowane saƙo zango uku yake yi: daga wayar hannu zuwa rauta, daga rauta zuwa ƙarfen sabis na unguwa, sa'an nan daga ƙarfen ya bi igiyar faiba da aka binne a ƙasa har Ikko, fiye da kilomita 1,000, inda yawancin igiyoyin ƙarƙashin teku suka sauka. Kowane zango da irin ciwonsa, maganin wannan kuwa ba ya yi wa wancan.

Zangon farko shi ne cikin gida, kuma shi kaɗai ne ke hannun mai gida. Gwajinsa ba wuya. A tsaya dab da rauta a buɗe hoton bidiyo, sa'an nan a koma ɗakin da ake kuka da shi a sake buɗewa. In kusa yana gudu, nesa yana rarrafe, to kamfani ba shi da laifi. Bangon bulo mai rodi da ƙofar ƙarfe da rufin kwano suna tare waifai, gidajenmu kuwa ga zaure ga sassa, kowane ɗaki da katangarsa. A ɗauke rauta daga bayan talabijin ko ƙarƙashin gado, a ɗora ta sama kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, amma a inuwa, don kuwa zafin Yola a watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, na'urar kuwa in ta ɗauki zafi takan yi sanyin aiki ko ta mutu ta tashi. Waɗansu rautoci suna da tasha biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Mai 5 ta fi sauri amma ba ta ƙetare bango sosai, mai 2.4 ta fi nisa amma ta fi cunkoso. Kada a ɗauki wannan 5 ɗin a ce ita ce 5G, hanyarsu dabam.

Sa'an nan a ƙirga bakin da ke ci. Lambar sirrin da aka ba yaro ɗaya, kafin mako ta zaga layin. In wayoyi goma sha biyar suka hau, waɗansu suna kallon fim, waɗansu suna sabunta kansu ba wanda ya sani, me zai rage wa tsohuwa da ke son magana da ɗanta a Agege? A sake lambar, a duba jerin waɗanda suka hau.

Zango na biyu shi ne tsakanin gida da ƙarfen sabis. A nan agogo ne alƙali. A gwada bayan sallar asuba, a sake gwadawa bayan isha'i. In da asuba lafiya lau, da dare sai nauyi, to cunkoso ne. Ƙarfe ɗaya ƙarfinsa ɗaya ne, rabawa yake yi tsakanin duk wanda ya hau, unguwanni irin su Jambutu da Doubeli da Luggere kuwa cike suke da jama'a. Sabuwar rauta ba ta maganin wannan. Dabara ita ce a ari layin wani kamfani wajen maƙwabci a gwada cikin ɗakin, a wannan lokacin, kafin a biya kuɗin wata, domin layin da ya yi kyau a Karewa ko Bekaji ba lalle ya yi a Wuro Hausa ba. A kuma karanta sharaɗin data, don waɗansu tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka ana rage musu sauri da zarar an ci wani adadi. Wanda gidansa ke nesa da ƙarfe, eriyar waje da ake ɗaurawa bisa rufi takan taimaka in rautarsa tana da wurin sa ta. Amma na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa, NCC ta hana amfani da ita ba da izini ba, sabo da tana ɓata wa maƙwabta nasu.

Zango na uku ya fi ƙarfin kowane mai gida. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi nauyi a Nijeriya da ƙasashen maƙwabta kwana da kwanaki. A cikin ƙasa kuwa masu aikin hanya da ɓarayi suna yanke faiba a kai a kai. Ga kuma wuta. A watan Afrilu na 2024 aka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Adamawa da maƙwabtanta suka shiga duhu makonni. Ƙarafan sabis da janareta da batir suke rayuwa, in man gas ya yanke wa ɗaya ya mutu, sai jama'arsa su koma kan na kusa, cunkoso ya ninka. Alamar wannan ciwo ita ce ka tarar unguwa duka tana kuka lokaci ɗaya. Ranar nan kada kowa ya taɓa rautarsa.

To, ina gwamnati? Shirin da Gwamnatin Tarayya ta fitar na 2020 zuwa 2025, zamanin Minista Isa Ali Pantami, ya sa burin a sami saurin megabit 25 cikin daƙiƙa a birane, 10 a ƙauyuka, kuma kashi 70 cikin 100 na jama'a su sami intanet mai sauri. Wa'adi ya cika ana wajen rabi. A 2024 gwamnatin Shugaba Tinubu ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsare, ta kuma amince da shirin shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Jihar Adamawa ma tana cikin jihohin da suka yafe wa kamfanoni kuɗin haƙa hanyar binne faiba. Duk wannan madalla, amma talaka ba zai shaida ba sai ya ga igiya ta iso unguwarsa. Starlink, mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a 2023, ba ruwansa da ƙarfen unguwa, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma shi ma sai da wuta.

Sabo da haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Kudu, kafin ku aiko da kuɗin sabuwar na'ura ku yi wa mutanen gida tambaya uku. Kusa da rauta ma haka ne? Da asuba ma haka ne? Maƙwabta ma haka ne? Ku kuma gwada naku ɓangaren, don cunkoson Idi-Araba ko Sabo na Badun yana iya daskarar da hoto alhali Yola lafiya take. In ta tabbata laifin kamfani ne, a kai masa ƙara a karɓi lambar ƙarar, in bai gyara ba a buga 622, layin NCC na masu kuka, kyauta ne. Kuɗin nan da gumi kuka same shi, kada rashin sani ya cinye shi. Allah Ya sada mu da alheri.