Laifin Ƙasa Ne, Ba Na Bulo Ba

Duk wanda ya zaga unguwannin da 'yan Arewa ke zaune a Ikko, kamar Agege da Idi-Araba da Obalende, zai ga yadda bulon shimfiɗa, wanda ake kira intalok, ya mamaye farfajiyar masallatai da ƙofar shaguna. Abin takaici shi ne, da damina ta yi nisa wajen watan Yuni da Yuli, sai wani wuri ya lotsa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, tsoho kuwa ya yi tuntuɓe a hanyarsa ta zuwa sallar asuba.

Abin da akan yi shi ne a tara kuɗi a kwaɓa siminti a lafta a kan ramin. Wannan ɓarnar dukiyar jama'a ce. Bulon lafiyarsa lau, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta zauna. Ruwan da ke sauka a Ikko ya ninka na Kano, ga shi wurare da yawa fadama ce aka cike da yashi. Siminti ba ya hana ƙasa zama, tsagewa zai yi kafin shekara ta kewayo.

Gyaran gaskiya ba shi da wuya. A ɗaga bulon da ya nutse har da layi biyu na kewayensa, a kwashe yashin da ya jiƙe, a zuba tsakuwa a daɓe ta sosai, yadda mata ke daɓe ɗaki a gida. Sa'an nan a shimfiɗa yashi mai kaushi kamar santimita 3, a ja igiya domin a ba wurin gangara zuwa kwata, a mai da bulon mazauninsa, a share yashi cikin tsakankaninsa. In mota na hawa wurin, bulo mai kaurin santimita 8 ya dace, na 6 na masu tafiya a ƙasa ne. In kuma bakin shimfiɗar ya karye, da shi za a fara, don shi ke riƙe da sauran.

Ya kamata sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai su sa a yi wannan aiki da rani, kuma su ba samarin unguwa masu leburanci a wajen birkiloli. Kuɗin jama'a ya tsira, yaro kuma ya samu sana'a. Allah ya sa a gyara.