Tsohon Magani Ko Sabo: Wanne Ya Fi Hana Taɓin Hankali Dawowa?

Sallamar mai taɓin hankali daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Abin da ya fi tayar wa dangi hankali shi ne ciwon ya dawo bayan an ɗauka ya tafi. An fi ganin haka ga ciwon da likitoci ke kira sikizofiraniya, watau wanda ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya yi ta zargin ana ƙulla masa makirci. Ga mutanen Rido da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, waɗanda ke kai majinyatansu Asibitin Masu Taɓin Hankali na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, tambayar ita ce: wane magani ne zai tsare majinyaci daga komawa gadon asibiti?

Magungunan dai kashi biyu ne. Na dauri sun haɗa da chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, da aka fara aiki da shi a Faransa cikin 1952, da haloperidol wanda aka haɗa a Beljiyam cikin 1958. Suna da araha, amma sukan jawo karkarwar hannu da sandarewar jiki. Sababbin kuwa, irin su risperidone da Amurka ta amince da shi cikin 1993 da olanzapine cikin 1996, ba su cika jawo wannan ba. To, amma sukan sa ƙiba ƙwarai, musamman olanzapine, har su kai mutum ga ciwon sukari.

Ko da yake wasu nazarce-nazarce sun nuna sababbin sun ɗan yi rinjaye wajen hana ciwon dawowa, ratar ba ta kai yadda aka zata da farko ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan majinyata kusan 1,500, wanda aka bayyana cikin 2005, ya gano cewa wani tsohon magani, perphenazine, ya yi kusan kunnen doki da yawancin sababbin. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, kashi 74 cikin 100 na majinyatan sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18.

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga cikin 2012 ya ƙara fito da maganar fili. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, amma ya dawo wa kashi 64 na waɗanda aka daina ba su. Ashe ke nan ratar da ke tsakanin mai sha da wanda ya daina ta fi wadda ke tsakanin tsoho da sabo nesa ba kusa ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Galibin iyalai daga aljihunsu suke sayen magani, ga kuma kuɗin mota zuwa Barnawa. Magani mai tsada da za a saya wata biyu a kasa, bai kai mai araha da za a iya saya shekara da shekaru ba. Akwai kuma allurar fluphenazine da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu, wadda ke taimakon mai yawan mantuwa da ƙwaya. Wanda sauran magunguna suka gaza a kansa kuwa, clozapine ya fi dacewa da shi, sai dai yana bukatar awon jini a kai a kai.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci na samun kulawa. Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Chikun su tanadi waɗannan magunguna da allurai a ƙananan asibitocin da ke kusa da jama'a. Su kuma dangi, kada su tsayar da magani don majinyaci ya sami sauƙi. In yana wahalar da shi, a koma wa likita ya rage ko ya sake wani.