Baƙo Ya Sauka a Ikko, Ina Za a Kai Shi?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a unguwannin Hausawa na Ikko, tun daga Agege da Sabo ta Yaba har Idi-Araba. Mutum zai shekara ashirin a garin, ya san farashin goro da na shanu kamar yunwar cikinsa, amma ran da ɗan'uwansa ya zo daga Kano ko Sakkwato ya ce a zaga da shi, sai a rasa inda za a nufa. Iyakar abin da aka saba shi ne a bi da shi ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ya ga ruwa ta tagar mota, a komo gida. Alhali kuwa wani babban yanki na tarihin Arewa yana ajiye a garin nan, 'ya'yan da aka haifa a zango ma ba su taɓa ganinsa ba.

A yammacin ƙasar Jafan, makarantu kan kwashi yara su kai su Kyoto da Nara, tsofaffin hedkwatocin ƙasar, ko Hiroshima inda Amurka ta jefa bam a 1945. Tun kafin a tashi, kowane yaro ya san jirgin da zai shiga da abin da zai gani. Wannan shiri shi ne abin koyi, domin a Ikko wanda ya fita ba tsari, a cikin cunkoson motoci zai ƙare yininsa.

Ranar farko ta tsibiri ce. Tun 2024 jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira Jan Layi, yana tashi daga Agbado ya bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, ya tsaya a Oyingbo. Mutumin Agege sai ya shiga a tasharsu, na Sabo kuwa ya tare shi a Yaba. Da katin Cowry ake biya, kuma ya kamata a binciki lokutan tashinsa tun ana gobe. Daga Oyingbo sai mota zuwa Onikan, inda Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa yake tun 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Har yanzu ga ramukan harsashi nan a jikinta. Duk wanda ya tashi yana jin labarin nan a bakin iyayensa, ya tsaya gaban motar, zai yarda cewa gani ya kori ji. Akwai kuma kawunan yumɓu na Nok, daga kudancin Jihar Kaduna, waɗanda suka haura shekara dubu biyu.

Da ƙafa ake isa Dandalin Tafawa Ɓalewa daga nan, wato tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga Oktoba, 1960. Azahar kuwa sai a yi ta a Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. Sarkin Musulmi na Istanbul ne ya ba wanda ya gina shi, Muhammadu Shitta, sarautar Bey. Masallacin ƙarami ne, kasuwa ta kewaye shi ta ko'ina, har mai sauri zai wuce bai lura ba.

Mai neman bakin teku kada ya nemi Bar Beach da iyaye suke ba da labari. An cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa, Eko Atlantic. Sai dai a miƙa wajen Lekki, can ma akasari da kuɗin shiga.

Badagry kuwa yini guda take bukata ita kaɗai, kuma da asuba ake tashi. Tana dab da iyakar Jamhuriyar Binin, hanyar tana da shingayen bincike da yawa, saboda haka kowa ya riƙe katin shaidarsa. A can ake ganin ɗakunan da Seriki Williams Abass ya riƙa tsare bayi kafin a loda su, da sarƙoƙin da aka ɗaure su, sa'an nan a haye da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka har bakin tekun da ba a komowa. Wannan wuri ya shafi Bahaushe fiye da yadda yake zato. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen Arewa, an saido Hausawa masu yawa zuwa wannan gaɓa, aka tsallaka da su Bahia ta ƙasar Barazil. Su ne suka shirya bore a can a 1807, kuma akwai su cikin babban tawayen bayi Musulmi na 1835, wanda aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Har ila yau, daga Badagry ne Baturen nan Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827.

Watannin Yuni da Yuli ba lokacin wannan tafiya ba ne, don ruwan sama yakan cika hanya, kwalekwale kuma ba ya daɗin shiga. Disamba ga sarari, amma gari a cike yake da masu dawowa hutu. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi, musamman ga mai tafiya da yara ko tsofaffi.