Shingaye 10 Cikin Daƙiƙa 12

 

A daren Lahadi 24 ga watan Yuli na shekarar 2022, wayewar garin Litinin, mutanen Kaduna na ta sharar barci, daga Kawo har Tudun Wada. A daidai wannan lokaci rana ba ta faɗi ba a birnin Eugene na jihar Oregon a Amurka, inda wata 'yar Najeriya mai shekara 25, Oluwatobiloba Amusan, wadda aka fi sani da Tobi, ta durƙusa a bakin layi tana jiran ƙarar bindiga. Da bindiga ta tashi, sai ta cinye mita 100, ta tsallake shingaye 10, cikin daƙiƙa 12.12. Tun da aka fara wannan tsere babu macen da ta taɓa yin wannan gudu. Tarihin da ta rusa na Kendra Harrison ne, 'yar Amurka, wadda ta yi daƙiƙa 12.20 a Landan a shekarar 2016, kuma ita ma tana cikin waɗanda Tobi ta bari a baya a wannan rana.

Wannan fa a zagayen kusa da na ƙarshe ke nan. Bayan kamar awa 2 aka dawo zagayen ƙarshe, ta sake yin fintinkau, agogo ya nuna 12.06. Sai dai ba a rubuta wannan a kundin tarihi ba, domin iskar da ke kaɗawa ta bayansu ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, alhali ƙa'ida ba ta yarda ta wuce mita 2 ba. Zinare kam ta karɓe shi, kuma shi ne na farko da Najeriya ta taɓa samu a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Duk wanda ya ga hoton bidiyon da ya yi ta yawo a wayoyi washegari ba zai manta ba: ana buga taken Najeriya, tana tsaye a kan dandamali, leɓɓanta na rawa, hawaye na zuba, ta kasa share su.

Mai sauraro zai iya cewa ai gudu gudu ne. To, wannan tsere ya sha bamban. Tsayin kowane shinge ya kusa santimita 84, wato ya kai wa babban mutum cinya. Daga layin farawa zuwa shingen farko mita 13 ne, tsakanin shinge da shinge mita 8 da rabi, daga na ƙarshe zuwa layin gamawa mita 10 da rabi. A tsakanin kowane shinge taku 3 ake yi, ba ƙari ba ragi. Ƙafar gaba ta miƙe ta haye, ta baya ta lanƙwashe ta gefe ta biyo, ƙirji ya sunkuya, hannu ya daidaita jiki, kafin ƙiftawar ido an dira an ci gaba. Wadda ta yi sama da yawa ta ɓata lokaci a iska. Wadda ta yi ƙasa da yawa gwiwarta ta doki katako, lissafin takunta ya rikice, wani lokaci ma ta kife da fuska a gaban dubban jama'a. Shi ya sa ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya fitar da gwana a nan. Sai da malami da ke tsaye a gefe riƙe da agogo, yana gyara taku ɗaya sau ɗari, shekara da shekaru.

An haifi Tobi ranar 23 ga Afrilu, 1997, a garin Ijebu Ode na jihar Ogun. Iyayenta malaman makaranta ne. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa mahaifinta bai so wannan harka ba, karatu yake so ta sa a gaba, har ya taɓa ƙona mata kayan atisaye, mahaifiyarta ce ke rufa mata asiri ta je fili. A wasannin makarantar sakandare aka fara ganin ƙafarta. Shigarta tsallake shinge ma dalili ne ya kawo: an cire sunanta daga tawagar gudun miƙa sanda, sai ta koma inda ake da gurbi, ta kuma ciyo azurfa a gasar matasan Afirka da aka yi a Botswana a 2014. Shekara guda bayan nan, tana da shekara 18, ta ci zinare a wasannin Afirka a birnin Brazzaville.

Daga nan Amurka ta ɗauke ta. Jami'ar Texas da ke El Paso ta ba ta gurbin karatu a 2016, ta haɗa ta da mai horarwa Lacena Golding-Clarke, 'yar Jamaika, wadda ita ma tsohuwar gwanar wannan tsere ce. Najeriya ta haifa, wasu suka yi reno, kuma a nan ne zancen ya fara shafarmu.

Nasarar ba ta zo a sauƙaƙe ba. Ta ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a 2018, amma a gasar duniya ta Doha a 2019 ta huɗu ta zo, a Olamfik ta Tokyo a 2021 ma ta huɗu. Masu wasa sun san babu matsayi mai ciwo kamar wannan, kana ganin dandamali da idonka, ba ka hau ba. Wata guda bayan Tokyo ta je Zurich ta yi daƙiƙa 12.42, ta rusa tarihin Afirka na Glory Alozie wanda ya haura shekara 20 ba a taɓa shi ba. Ita Glory ɗin, a tuna, ta ciyo wa Najeriya azurfa a Olamfik ta Sidni a 2000, daga baya ta koma yi wa ƙasar Sifen gudu. Tobi ba ta canza tuta ba, kuma wannan abin a yaba mata ne.

Bayan ɗaukaka jarrabawa ta biyo. A 2023 hukumar da ke sa ido kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta tuhume ta da rashin samuwa sau 3 a inda ta ce za a same ta domin gwaji. Kotun ladabtarwa ta wanke ta ana saura kwanaki a fara gasar duniya ta Budapest, ta shiga da wannan nauyi a zuciya ta zo ta shida. A 2024 kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da wankewar. A Olamfik ta Faris ba ta kai zagayen ƙarshe ba, Najeriya kuma ta dawo hannu rabbana, ko tagulla babu. Da yawa sun ce ta ƙare. A watan Satumba na 2025 ta koma Tokyo, garin da ta taɓa barowa da baƙin ciki, ta ɗauko azurfa a gasar duniya.

Yanzu mu dawo gida. Kaduna ba baƙuwar wasanni ba ce. A nan aka yi bikin wasanni na ƙasa a 1977, aka sake yi a 2009. Muna da filin wasa na Ahmadu Bello, muna da dandalin Murtala. Dattawanmu suna tuna lokacin da gasar gidaje a makarantu take kamar ranar sallah, a shafa wa fili farar ƙasa, a ja layuka, iyaye su cika rumfa. Amma ranar da Tobi ta kafa tarihi, yara nawa ne a garin nan suka taɓa ganin shingen tsere da idonsu?

Kwanakin baya na tsaya a bakin wata makarantar firamare a unguwarmu lokacin tashi. Ruwan sama ya cika kwata. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba, da hijabinta da jakar littattafai a baya, ta taho a guje ta haye kwatar nan ba tare da ta rage gudu ba, ta dira da ƙafa ɗaya ta wuce tana dariya. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, wa zai gan ta? Filin makarantar an gine rabinsa, sauran ya zama wurin ajiye motoci, malamin motsa jiki kuwa an ba shi wani darasi daban yana cike gurbi.

Na san abin da ke zukatan iyaye da yawa, musamman game da 'ya'ya mata, kuma damuwa ce ta gaskiya: sutura, cuɗanya, da tsoron kada wasa ya cinye karatu. Duk suna da amsa. Nawal El Moutawakel, Musulma 'yar Maroko, ta ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 400 a Olamfik ta 1984, daga baya ta zama ministar wasanni a ƙasarta. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinare a mita 200 a wasannin Asiya na 2006 da kanta a rufe, hannuwa da ƙafafu a rufe. Makarantun 'yan mata za su iya yin gasarsu a cikin harabarsu, malamai mata su horar, iyaye mata su yi kallo. Batun karatu kuwa, gudun ne ya kai Tobi jami'a har ta yi digiri.

Abin da ake bukata a matakin farko bai fi ƙarfinmu ba. Mai walda da kafinta a kasuwar Panteka za su iya haɗa shingaye 10 na koyo. Agogon awon lokaci yana cikin kowace waya. Abin da ya rage shi ne fili, malamin da ya san aikin, da gasa mai ɗorewa wadda za a riƙa yi kowace shekara daga makaranta zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, ana rubuta sunan yaro da lokacin da ya yi, domin a bi sawunsa.

Don haka muna kira ga ma'aikatun ilimi da na wasanni na jihar Kaduna da su sanya gasar guje-guje cikin jadawalin kowace makaranta, su hana gine filayen da suka rage, su tura malaman motsa jiki kwas. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin kofi ko da guda ɗaya. Ku kuma iyaye, idan malami ya aiko cewa ɗanku ko 'yarku na da ƙafa, ku daure ku je fili ku gani da idonku kafin ku yanke hukunci.