Na'ura ta shigo aji: da bakin wa za a ba ƴaƴanmu labarin Lugu?

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin lakkol ya san yadda darasin tarihi yake gudana: mushe ya cika allo da sunaye da shekaru, yara su kwafe, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, kashegari su manta. Ta haka ne ɗan Damagaram ke iya gama lise ba tare da ya san cewa Sarki Tanimun ne ya kewaye Birni da ganuwa ba, alhali kullum ta nan yake ratsawa.

Tun watan Nuwamba na 1922 ba mu ce ba, na 2022 muke nufi, lokacin da aka fito da ChatGPT, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sauka cikin wayoyin salula. Yau malami na iya umurtar na'ura ta yi magana da bakin madugun ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, yara su yi ta jefa masa tambayoyi kan rijiyoyi da raƙuma. Yana iya sa ta tsara muhawara kan dalilin ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ajin da aka saba gyangyaɗi sai ya farka. Wannan ba mu ƙi shi ba.

Amma, ƴan uwa masu karatu, a yi hattara. Na'urar nan ba ta san komai ba sai abin da aka ɗura mata, wato tarin rubuce-rubuce waɗanda akasarinsu cikin Turanci da Faransanci suke. To, su wa suka fara rubuta tarihin zuwan Turawa ƙasar nan? Kumandodi da hafsoshinsu. Bugu da ƙari, in ta rasa amsa ba ta cika yin shiru ba: takan ƙago suna ko shekara, ta faɗa babu ko ƙifta ido. Yaron da aka horar da haddar allo, haka zai haɗiye ƙaryar na'ura.

Saboda haka shawararmu ita ce: kada a ba ta kujerar malami, a tsayar da ita matsayin mai ba da shaida, yara su zama alƙalai. A ɗauki yaƙin Lugu na watan Afrilu 1899, inda Sarauniya Mangu ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Konni cikin watan Mayu. A tambayi na'ura labarin, a rubuta amsarta bisa allo. Sannan a auna ta da littafin Abdoulaye Mamani na 1980, wanda shi ma ƙagaggen labari ne, da fim ɗin Med Hondo na 1986, da abin da tsofaffin Arewa suka gada daga iyayensu. Ina suka dace? Ina suka saɓa? Wa ke da riba in an faɗi labarin haka? Ranar da yaro ya kama na'ura da kure, ranar ya fara sanin tarihi. Wayar malami guda ta isa wannan aiki, ko da a ajin zana ne.

Saura aikin manya. Tun 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka da aka sani yanzu da CELHTO, ga kuma IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, ga ayyukan Boubou Hama da Djibo Hamani da André Salifou. Muddin wannan dukiya tana kwance cikin faya-faye da kabad, na'ura za ta ci gaba da ba da labarinmu da bakin wasu.

Muna kira ga magabatan ilimi da su horar da malaman tarihi kan wannan kayan aiki, su kuma sa a juye muryoyin nan a rubuce cikin harsunanmu. Alhazan Maraɗi da attajiran Tawa, ku da kuke gina masallatai da rijiyoyi, ga wata sadakar mai gudana. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.