Laifi tudu ne

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a bakin tashar Maraɗi, ko a majalisar ma'aikata bayan an tashi daga biro a Yamai, ya san hirar da ta fi daɗi a bakin mutane: laifin wanda ba ya wurin. Ɗan kasuwa cewa yake ƴan duwan ne suka kashe ƙasa, domin mota ba ta wuce Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni sai an miƙa na goro. Ma'aikaci kuma cewa yake ƴan kasuwa ne, domin sun fi son bin hanyar daji da kaya bisa ga biyan haƙƙin baitulmali. Kowanensu ya faɗi gaskiya, amma rabinta kawai ya faɗa, ya ɓoye rabin da ya shafe shi. Hannun da ya karɓa ba ya cika sai wani hannu ya bayar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan hali ya fito fili a watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Ma'aikata, waɗanda dama suke bin gwamnati bashin albashi, suka zargi ƴan kasuwa da ƙara kuɗin kayan da suka daɗe a sito tun kafin karyewar. Ƴan kasuwa suka zargi ma'aikata da riƙe takarda a teburi har sai an yi musu ihisani. Zargin ya yi yawa, amma da wuya a ji wanda ya ce: ga nawa kason a cikin wannan wahala.

Ƙasa ma ta taɓa zama a kujerar alƙali. Taron Ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yuli 1991, aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, ƙarƙashin shugabancin Farfesa André Salifou, ya kafa hukumar binciken laifuffuka da zaluncin da aka yi a baya. Aikin ya wajaba, kuma ya buɗe bakin da aka daɗe da rufewa. Sai dai tonon asirin magabata bai wanke zukatan magada ba. Ba a cika shekara biyar ba rigimar ƴan siyasa ta tsayar da al'amuran mulki, soja suka karɓe iko ranar 27 ga Janairu 1996. An iya lissafa laifin jiya dalla-dalla, ba a iya tsare kai daga na gobe ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da ba wannan ciwo magani, suna kiransa muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe masa babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma misalin da ya kawo daga kasuwa ya ɗauko shi. Mai dukiya yakan gindaya wa abokin cinikinsa sharaɗi, ya sa masa ido, sa'an nan ya zauna da shi a yi lissafi, a ga uwar kuɗi, a ga riba, a ga hasara. Haka ya kamata mutum ya yi da ransa, safe da maraice. Babu Alhajin da zai rufe kanti ya tafi ƙidayar jikkunan maƙwabcinsa alhali bai ƙidaya nasa ba. Abin mamaki, wanda ba ya yarda dala ɗaya ta ɓace masa a aljihu, shi ne yake shekara bai duba littafin halinsa ba.

Hikimar a fili take. Mai hukunta wani zato yake yi, domin bai san abin da ya faru a ɗakin da bai shiga ba. Mai hukunta kansa kuwa shaida ne na gani da ido. Kuma laifin wani, ko an kwana ana faɗinsa, ba ya gyaruwa a bakin mai faɗi, amma mudun da mutum ya tauye da hannunsa, da hannunsa zai cika shi gobe.

Wani zai ce ashe ke nan sai a yi shiru a bar azzalumi ya ci karensa ba babbaka. Ba haka ba ne. Kotu tana da aikinta, jarida tana da nata, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin kuka. Amma tsawatarwar da ta fito daga bakin mai tsabtar hannu ita ce ke da nauyi. Ma'aikacin da ya zo biro ƙarfe goma ba shi da bakin yi wa na ƙasa da shi faɗan latti.

Saboda haka, kafin a shimfiɗa tabarmar hira, tambaya uku sun ishi kowa: wa na tauye yau, wa na sa ya jira ba dalili, me na karɓa wanda ba nawa ba? Wanda ya amsa su tsakani da Allah zai tarar lokacin da ya rage masa na zancen mutane kaɗan ne. Magabata sun riga sun gama magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai hankali shi ne wanda ya sunkuya ya dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Allah ya sa a gane.