Sai an buge yaro kafin a kafa pano?

Ƴan uwa masu bibiyar wannan shafi, musamman matasan Gure, yau maganar mahaɗar hanya zan yi. Na san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da zaman kashe wando, kai kuma ka zo mana da zancen allon STOP. To a yi haƙuri a karanta, don wanda moto ta karya wa ƙafa ko kasuwar ba ya iya zuwa, balle ya ji tsadar.

Tambayar ita ce: a wane lokaci hukuma ke ganin mahaɗa ta cancanci a kafa mata alama, ko a yi mata tudun rage gudu? Amsar da muka saba gani, duk da ba a rubuta ta a ko'ina ba, ita ce bayan an buge wani. A yi jana'iza, a zauna ta'aziyya, ran matasa ya ɓaci, cikin dare su tara ƙasa da duwatsu a tsakiyar hanya ko su haƙa rami. Daga nan sai a ga manya sun zo duba wuri. Wato jinin ɗan wani shi ne takardar neman izini. Ni dai ban yarda da wannan tsari ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ku yarda ba.

Mu fara da inda muke zaune. Gure tana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram ta nufi Diffa har Gigimi. Ɓangaren da ya tashi daga nan ya yi gabas shi ne aka gina da taimakon Kanada a shekarun 1970, ake kiransa hanyar haɗin kai. Tankokin mai, kamiyo masu ɗauke da tattasan Diffa, manyan bus na matafiya, duk ta nan suke bi. Direban da ya baro Gidigir ko Gudumariya ya daɗe yana taka mota a fili, babu abin da ya gani sai tudun yashi da raƙuma, ƙafarsa ta saba da wuta. Mu kuma lungunanmu na yashi suna faɗowa kan wannan kwalta kai tsaye. Ɗan kabu-kabu ya fito daga lungu sai ya ƙara wuta don kada yashi ya kayar da shi, ya hau kwalta da wannan gudun, ga katangar gida ta tare masa gani. Cikin unguwanni ma haka abin yake, hanya biyu su haɗu, babu abin da ke faɗa wa kowa wa zai jira wa.

A makarantar koyon tuƙi ana karantar da cewa idan mahaɗa ba ta da alama, wanda ya fito ta hannun dama shi ke da hanya. Dokar kenan, kuma ba ta da laifi. Amma don Allah ku ƙirga masu tuƙa moto a unguwarku, nawa suka taɓa shiga ajin? Mai amalanke fa? Yarinya mai tallar ƙosai fa? Dokar da ke aiki a zahiri kowa ya san ta: babba ke da hanya. Kamiyo ya fi mota, mota ta fi moto, moto ta fi mai tafiya a ƙasa, yaro kuwa shi ne ƙarshen layi. Amfanin alama shi ne ta fito da doka daga cikin littafi ta tsayar da ita a bakin hanya inda wanda bai yi lakwal ba ma zai gan ta. Shi ya sa yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya ta amince da jan allo mai kusurwa takwas, siffar da ba ta kama da ta kowace alama, ko rubutun ya goge an san me take nufi.

Na taɓa kai wannan koke wani ofishi, wani ma'aikaci ya ce mini: "Malam, ba a kafa pano haka kawai. Sai an yi bincike, sai an ga alƙaluma." Maganarsa tana da asali. A Amurka akwai littafin ƙa'idojin alamomin hanya, kuma bugun 2009 ya ce cikin dalilan da za su sa a kafa STOP ta kowane ɓangare na mahaɗa akwai samun haɗari biyar ko fiye da aka kai rahotonsu cikin wata 12, ko kuma motoci kamar 300 a kowace awa a babbar hanyar tsawon awa takwas na yini. Wannan ma'auni na ƙasar da ake rubuta kowane ɗan karo ne, saboda inshora ba ta biya sai da takarda. A nan fa? Moto ta buge yaro, jama'a su taru, a gano mai moton ɗan wane ne, ƙanin matar wane ne. A ce a yi haƙuri, a ba da jika biyu ko uku na magani, a kai yaron wurin mai ɗori. Ba a kira ƴan sanda ba, ba a yi konsta ba. A littafin hukuma wannan mahaɗa lafiya lau take, ko da ta karya mutum goma a shekara. Wanda ya ce zai jira alƙaluma a garin da zumunci ke haɗiye alƙaluma, ya san sarai cewa ba za su zo ba. Haɗarin da ba ya ɓoyuwa ɗaya ne kawai, wanda aka yi gawa. Kun ga yadda muka koma kan jini.

Kuma motoci 300 a awa, wace mahaɗa ce a cikin unguwannin Gure za ta kai haka? In da wannan za a bi, har abada ba mu cancanci komai ba. Mu cunkosonmu na mutane ne: ɗalibai da safe, almajirai, mata masu zuwa awo, tsofaffi masu zuwa masallaci da asuba, garken da ake korowa ranar kasuwa.

Yanzu bari in juyo kan namu, don a nan ne zan saɓa da wasu abokaina. Akwai masu cewa a cika gari da STOP, kowace kusurwa a kafa ɗaya. Wannan kuskure ne, kuma littafin nan na Amurka ya yi daidai inda ya ce kada a yi amfani da STOP don rage gudu. Aikin STOP shi ne raba gardamar wa zai fara wucewa, musamman inda ba a hango abin da ke tahowa sai an tsaya cak. Idan ka kafa shi inda direba ke ganin fili ta ko'ina, rana ta farko zai tsaya, ta biyu zai rage, ta uku zai wuce kamar bai gani ba. Daga nan ya koyi raina jan allo, har wanda aka kafa a wurin da ya dace. Mafi muni, yaron da aka koya wa cewa mota na tsayawa a nan zai shiga hanya da gaba gaɗi.

Abin da ke kashe mutane gudu ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Tsakanin ido ya ga yaro da ƙafa ta taka birki akwai kamar daƙiƙa ɗaya. Mai tafiyar kilomita 30 a awa yana cin mita 8 a wannan daƙiƙar, ya tsaya gaba ɗaya cikin kamar mita 13. Mai tafiyar kilomita 50 yana cin kusan mita 14 kafin ma ya taɓa birki. Ku sake karanta wannan. A daidai inda na farko ya riga ya tsaya, na biyu bai fara rage gudu ba. Wannan a kan busasshiyar kwalta mai tsabta kenan, da taya mai kyau. Ku ƙara yashin da iska ke shimfiɗa mana a kan hanya, da ƙurar hunturu, da tayar da ta sha duniya. Saboda irin wannan lissafi ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a Sitokholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarun yawancin masu karanta wannan shafi kenan, da na ƙannenku.

Gudu kuwa allo kaɗai ba ya rage shi, sai abin da taya ke ji. A Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi, an shimfiɗa ƙananan kunyoyi masu girgiza mota kafin a iso wurin, kuma tsakanin farkon 2000 da Afrilun 2001 haɗura sun ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kashi 55. A Darussalam ta Tanzaniya ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamare tana duba ta inda yara ke tsallakawa, ta sa aka yi tudu da wurin tsallakawa da gefen masu tafiya a ƙasa, har aikin ya ci babbar lambar yabo ta birane a 2019. Ba Turai ba ce, ƙasashe ne masu kabu-kabu da talla irin namu.

Su kuma tudun da muke yi da kanmu cikin fushi, gaskiya ɗaya ce, suna da nasu haɗarin. Ba su da awo, ba su da fenti, babu allon gargaɗi kafin a iso su. Mai moto ya taho da dare ɗauke da mace da goyo, bai san an tara duwatsu jiya ba. Motar asibiti mai kai mai naƙuda Damagaram ma sai ta yi tsalle a kai. Amma kafin a zagi yaran da suka tara duwatsun, a tambayi wanda ya bar su ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A rubuta ma'auni, a manna shi a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa da Barbarci da Fillanci da Tubanci. Ma'aunin ya dubi abin da ake iya gani tun kafin haɗari. Duk lungun da ya faɗo kan kwalta kuma katanga ko rumfa ta tare gani, STOP ne a bakin lungun, ba a kan babbar hanya ba, da allo mai ƙyalli da dare. Duk inda ƙofar makaranta ko asibiti ko kasuwa ke kusa da hanya, tudu ne mai awo da fenti da allon gargaɗi. Mashigin gari ta gabas da ta yamma, kunyoyin girgiza mota tun daga nesa, don direban da ya yi awa biyu a daji ya farka. Sauran ƙananan mahaɗu na cikin unguwa, sau da yawa abin da suke buƙata shi ne a matsar da rumfar da ta rufe kusurwa ko tulin bulo da wani ya ajiye shekara uku, kuma wannan ko dala ba ya ci. Sannan unguwar da ta rubuta koke ta samu amsa a rubuce cikin lokaci sananne, ko da amsar a'a ce, tare da dalilinta.

Za a ce mana babbar hanya ta gwamnatin ƙasa ce, komin ba ta da ikon taɓa ta. Haka ne, amma komin tana da takarda da hatimi, kuma akwai hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, ANISER, da asusun gyaran hanyoyi da ake karɓar kuɗi dominsa a shingayen hanya. Lungunan unguwa kuwa babu wanda za a tura wa laifinsu, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ba shugaban komin alhakin tsarin zirga-zirga a cikin gari. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ke riƙe da wannan kujera. Babu kansilan unguwa da za ka tare a ƙofar gidansa, don haka takardar da ta isa teburin kantoma ita ce kawai muryar unguwa.

Za kuma a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ke faɗa maka haka da dare yana ɗaure akuyarsa, yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu.

Tunda alƙaluma ake so, mu samar da su da kanmu. Kowace fada ta ɗauki mahaɗar da ta fi kusa da inda take dafa shayi. A samu kaye ɗaya da biro. Mako biyu, lokacin zuwa lakwal da lokacin tashi da kuma bayan magariba, a rubuta moto nawa, mota nawa, yara nawa suka tsallaka. A rubuta duk sanda aka ja birki da ƙarfi, duk sanda aka yi saura ƙiris, don waɗannan su ne haɗuran da ba su kai ga faruwa ba. A zagaya gidajen da ke kusa a tambayi wa aka buge a nan cikin shekara biyu da suka wuce, a rubuta wata da irin raunin, ba sai an sa suna ba. A tsaya a bakin lungu inda mai moto ke tsayawa, a auna da taku nawa ake iya hango kwalta ta dama da ta hagu, a ɗauki hoto. Mai unguwa ya sa hannu, daraktan makaranta ya sa hannu, shugaban ƴan kabu-kabu ma a neme shi, don su ne suka fi kowa kwanciya a gadon mai ɗori. A kai kwafi ɗaya ma'aikatar magajin gari a karɓo shaidar ranar da aka ajiye, ɗaya kuma a turo mana nan mu wallafa da kwanan watansa.